Cibiyar FRESC ta Yotsuya: abin da take iya yi wa baƙon da 'yan sandan Japan suka saba tsayarwa a hanya

A hawa na 13 na ginin Yotsuya Tower da ke gundumar Shinjuku a Tokyo, gwamnatin Japan ta buɗe wata cibiya a watan Yulin 2020 domin baƙi mazauna ƙasar, wadda aka fi sani da suna FRESC, taƙaitawar sunanta na Turanci mai ma'anar cibiyar tallafa wa baƙi mazauna. An tara hukumomi takwas daga ma'aikatu huɗu a wuri ɗaya, domin kada baƙo ya yi ta gararamba daga wannan ofis zuwa wancan yana neman wanda zai saurare shi. Akwai teburin hukumar shige da fice, akwai sashen kare haƙƙin ɗan Adam na ofishin shari'a na Tokyo, akwai Houterasu, wato hukumar da gwamnati ta kafa a 2006 domin taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, sannan akwai masu kula da ƙwadago da neman aiki da bayanan biza da kasuwanci. Ana buɗewa a ranakun aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, ba a biyan ko sisi a kan shawara, kuma daga tashar jirgin ƙasa ta Yotsuya tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.

Wanda matsalarsa ta albashin da aka hana shi ce, ko ta sauya nau'in izinin zama, zai sami masu ba shi labarin cibiyar fiye da ni. Ni ma'aunina ɗaya ne, kuma da shi na auna wurin: mutumin da 'yan sanda suke yawan tsayarwa a bakin tasha ko a kan kekensa, ba don ya yi wani abu ba sai don launin fatarsa da yanayin fuskarsa, me zai samu idan ya hau hawa na 13 ɗin nan da kukansa? Amsar da na tarar ita ce zai fito da sani mai amfani ƙwarai game da haƙƙinsa, zai kuma sami mutanen da za su saurare shi cikin mutunci, amma ba zai fito da abin da zai hana a sake tsayar da shi gobe ba, domin hukumar da take tsayar da shi ba ta cikin hukumomi takwas ɗin, dokar da za ta ɗaure mata hannu kuma babu ita.

Sai an fahimci yadda tsayarwar take kafin a gane darajar abin da cibiyar ke bayarwa. Mutanen Japan suna kiranta shokumu shitsumon, a taƙaice shokushitsu. Yawanci 'yan sanda biyu ne suke tunkarar mutum, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, su fara da lafazi mai laushi, “chotto ii desu ka”, ma'ana ko za ka ba mu ɗan lokaci. Daga nan sai a nemi zairyu kado, katin izinin zama, a tambayi inda mutum ya fito da inda za shi da aikin da yake yi, idan yana kan keke a duba lambar rajistarsa ta rediyo don a tabbatar ba na sata ba ne, sau da yawa kuma a nemi ya buɗe jaka da aljihu. Ba a daka tsawa, ba a neman na goro, ƙarshenta ma har godiya ake yi. Wannan ladabin shi ne ke sa wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba ya kasa gane inda ciwon yake. Ciwon yana cikin maimaituwa, da tsayuwar da mutum zai yi a gaban maƙwabtansa da 'ya'yansa ana zazzage masa jaka yayin da ɗaruruwan mutane ke wucewa ba wanda ya ce musu uffan, da makarar da zai yi wurin aiki a ƙasar da minti biyar na latti abin magana ne.

Babban abin yabo a FRESC, a ganina, shi ne teburin Houterasu, domin a nan ne ake warware wa mutum dokoki biyu da suka cakuɗe a kan titi har ya kasa sanin wanne ne dole, wanne ne ganin dama. Ta farko ita ce dokar aikin 'yan sanda ta 1948. Sashe na 2 nata ya ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum ya yi masa tambaya idan akwai dalili mai ma'ana, bisa wani hali da ba a saba gani ba da kuma yanayin wurin, na zargin ya aikata laifi ko yana shirin aikatawa, ko kuwa ya san wani abu game da laifin da aka yi. Sashen ya ƙara da cewa ba za a tsare shi ba, ba za a ja shi ofishin 'yan sanda ba tare da son ransa ba, ba kuma za a tilasta masa ba da amsa ba, sai ta hanyar dokokin shari'ar laifuka. Launin fata ba hali ba ne, gashi ba hali ba ne, kasancewar mutum baƙo kuma ba laifi ba ne, don haka babu ɗayansu da ya isa dalili a ƙarƙashin wannan sashe.

Ta biyu ita ce dokar shige da fice, sashe na 23. Ta wajabta wa duk baƙon da ke zaune a ƙasar na matsakaici ko dogon lokaci, matuƙar ya kai shekara 16, ya riƙa yawo da katinsa kullum, ya kuma nuna shi idan ɗan sanda ya nema a bakin aikinsa. Wanda aka samu ba shi da katin a jikinsa zai iya biyan tara har yen 200,000 na kuɗin Japan, wanda ya ƙi nunawa kuma zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai yen 200,000. Hoton katin a waya ba ya maye gurbinsa. Wannan tsari na kati ya fara aiki a watan Yulin 2012, lokacin da ya maye gurbin tsohuwar rajistar baƙi, kuma a lokacin ne aka ɗauke wa masu izinin zama na musamman, waɗanda galibinsu zuriyar Koriya ne da Taiwan da suka zauna tun zamanin mulkin mallaka, wajibcin yawo da takardarsu. Ɗan ƙasar Japan kuwa babu dokar da ta ce ya riƙe wata shaida idan zai fita.

Idan aka ɗora dokokin biyu a kan juna, sai a ga inda gizo ke saƙar. Tambayar da aka yi wa mutum ta ganin dama ce, amma katin da aka nema dole ne, kuma ɗan sanda ba shi da wata hanya ta sanin wa ke da wajibcin riƙe kati sai ta kallon fuska. Saboda haka baƙon da ya ce ba zai tsaya ba yana iya afkawa cikin laifi na gaske, ɗan ƙasa mai baƙar fata kuwa, wanda mahaifiyarsa 'yar Japan ce ko wanda ya sami takardar zama ɗan ƙasa, sai ya tsinci kansa yana ƙoƙarin tabbatar da abin da babu doka da ta ce ya tabbatar. Bayanin da ake samu a teburin Houterasu yana raba waɗannan abubuwa dalla-dalla, kuma na same shi a miƙe, ba tare da an yi wa mutum alkawarin banza ba. Katin dole ne a nuna shi. Ɗan sandan da ya nema, shi ma dokar ta wajabta masa ya nuna shaidar aikinsa idan aka buƙata. Binciken jaka a asali sai da yardar mai ita, ko da yake Kotun Ƙolin Japan ta yanke a 1978 cewa a wasu yanayi na gaggawa ana iya dubawa ba da izini ba matuƙar bai kai ga cikakken bincike na ƙarfi ba, wanda hakan ya bar wa 'yan sanda fili mai faɗi. Mutum yana da damar ya tambaya ko abin na son rai ne ko na tilas, kuma kalmar da ake amfani da ita ita ce nin'i. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ture hannun ɗan sanda ko bangaje shi don a wuce, domin sashe na 95 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya hana jami'i aikinsa da ƙarfi ko barazana, kuma taɓawa kaɗan tana iya zama hujjar kamu.

Wannan sani ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa sun shafe shekaru a Japan suna zaton duk abin da ɗan sanda ya ce dole ne, wasu kuma sun ɗauki akasin haka daga maganganun abokai, suna zaton suna iya ƙin nuna kati, alhali wannan kuskuren zai iya shafar sabunta izinin zamansu. Akwai ma ƙananan abubuwa da suke jefa mutum cikin wahala ba tare da ya sani ba, kamar 'yar wuƙar aljihu da aka manta a cikin jaka, domin doka ta hana yawo da wuƙar da kaifinta ya wuce santimita 6 ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, wadda ba ta kai haka ba ma akwai dokar ƙananan laifuka da take iya kama mai ita. Haka nan keken da aka saya a hannun aboki ba a sauya sunan rajista ba yana iya mayar da tsayuwar minti biyar ta koma ta awa guda a koban, ƙaramin ofishin 'yan sanda na unguwa.

Ga wanda yake son ya wuce bayani ya zauna da lauya a kan lamarinsa, Houterasu tana ba da ganawa kyauta ta kimanin minti 30, har sau uku a kan matsala ɗaya, amma da sharuɗɗa. Dole kuɗin shigar mutum da abin da ya ajiye su kasance ƙasa da wani ƙaidi, wanda ga mutum ɗaya mara iyali ya kama daga yen 182,000 a wata, ya ɗan haura yen 200,000 a manyan birane irin Tokyo da Osaka. Idan magana ta kai ga shigar da ƙara, hukumar tana biya wa mutum kuɗin lauya ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan duk wata ba tare da ruwa ba. Minti 30 kuwa ba shi da yawa idan akwai tafinta a tsakani, domin kowace jumla sau biyu ake faɗinta, don haka wanda bai tsara maganarsa a rubuce tun daga gida ba zai ga lokaci ya ƙare bai kai ga tambayarsa ba. Akwai tafinta da Turanci da Sinanci da Koriyanci da harshen Vietnam da Nepal da wasu, Hausa dai ba ta ciki, kuma mai Faransanci ko Larabci ya kamata ya bayyana buƙatarsa tun lokacin da yake neman a ajiye masa rana.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne na izinin zama. Taimakon shari'a na Houterasu na 'yan ƙasa ne da baƙin da suke zaune bisa ƙa'ida. Wanda izininsa ya ƙare, ko wanda aka saki na wucin gadi daga tsarewar hukumar shige da fice, ba ya shiga, alhali shi ne ya fi kowa tsoron a tsayar da shi. Irin waɗannan sai su dogara da tallafin da Tarayyar Ƙungiyoyin Lauyoyin Japan take ɗaukar nauyinsa daga aljihunta. Ko mai cikakkiyar takarda ma, ba kowa ne zuciyarsa za ta kwanta ba ya kai ƙorafin 'yan sanda a hawan da teburin shige da fice yake, ko da kuwa aikin teburin shawara ne kawai. Hikimar tara komai a wuri ɗaya, wadda ta dace da mai neman aiki ko biza, a wannan lamari tana iya korar wanda aka yi wurin dominsa.

Teburi na biyu da ya shafi wannan magana shi ne na kare haƙƙin ɗan Adam. A nan ana karɓar ƙorafin nuna bambanci, na hana hayar gida ne ko na korar mutum daga shago ko na wulaƙanci daga jami'i, kuma ma'aikatan suna iya buɗe bincike idan sun ga da alamar take haƙƙi. Sauraron da ake yi wa mutum a nan yana da daraja, kuma ga rigimar da ke tsakanin baƙo da mai gida ko mai shago, shigar ofishin gwamnati tsakani takan yi tasiri. Sai dai ikon sashen a rubuce yake, kuma gajere ne: bincikensa ya dogara da haɗin kan wanda ake ƙorafi a kansa, ba ya tilasta wa kowa ba da bayani, matakan da yake ɗauka kuma nasiha ce da sasantawa da shawarwari waɗanda ba su da ƙarfin doka. Bugu da ƙari, sashen yana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ne, ma'aikatar da ita ce kuma uwar hukumar shige da fice. Wannan ba laifin masu zama a teburin ba ne. Japan ba ta da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam mai zaman kanta irin wadda ƙa'idojin Paris na 1993 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tanada, an kai ƙudirin kafa makamanciyarta majalisa a 2002 da kuma 2012 duk bai kai labari ba. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariyar launin fata a 1995, amma ba ta yi cikakkiyar dokar da ta haramta nuna bambanci ba, dokar 2016 a kan kalaman ƙiyayya kuma ba ta ɗauke da hukunci. Doudou Diène, ɗan Senegal da ya ziyarci Japan a 2005 a matsayin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan wariya, ya ba da shawarar a yi irin wannan doka, ga shi shekaru sun ja.

To ina ake tura mutum daga nan? Hanya ta farko ita ce ƙorafi a rubuce zuwa Kwamitin Tsaron Jama'a na lardin da abin ya faru, bisa sashe na 79 na dokar 'yan sanda, wanda ya wajabta wa kwamitin ya duba ya kuma mayar da amsa a rubuce. Ana sa suna da adireshi, ana fayyace rana da wuri da abin da jami'in ya yi. Kwamitin na farar hula ne, amma hedikwatar 'yan sandan lardin ce take gudanar masa da harkokin ofis, kuma ita ce take binciko abin da ya faru daga bakin jami'anta. Hanya ta biyu ita ce ƙarar neman diyya bisa dokar diyyar gwamnati ta 1947, wadda take cin shekaru, kuma nauyin kawo hujja yana kan wanda aka tsayar. A nan ne matsala take, domin ba a ba mutum wata takarda da ke nuna an tsayar da shi, saɓanin Ingila inda wanda aka bincika yake da haƙƙin karɓar shaidar binciken. Wanda aka tsayar sau da yawa a cikin shekara ba shi da komai a hannu sai abin da ya rubuta da kansa. Shi ya sa nasihar da ta fi kowace amfani ita ce mutum ya rubuta rana da lokaci da wuri da sunan ofishin jami'in da dalilin da aka ba shi tun abin yana da ɗumi, idan da hali kuma ya ɗauki sautin maganar cikin natsuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙorafin 'yan tsiraru ne masu saurin fushi. A watan Janairun 2021 wani bidiyo ya bazu na ɗan sanda a tashar Tokyo yana gaya wa wani matashi ruwa biyu cewa a iya saninsa masu irin kitson gashinsa sukan riƙe ƙwaya. A watan Disamba na wannan shekara ofishin jakadancin Amurka a Tokyo ya fito fili ya gargaɗi 'yan ƙasarsa cewa ya sami rahotannin baƙi da ake tsayarwa ana bincika bisa zargin launin fata, abin da ba a saba ji ba tsakanin ƙawaye irin waɗannan, kakakin gwamnati na lokacin, Hirokazu Matsuno, ya amsa da cewa 'yan sanda ba sa tsayar da mutum saboda ƙabila ko ƙasa. A 2022 Ƙungiyar Lauyoyin Tokyo ta tambayi mutane 2,094 masu asali da ƙasashen waje, kashi 62.9 cikin ɗari suka ce an tsayar da su a cikin shekara biyar da suka gabata, a cikin masu asalin Afirka kuwa adadin ya haura kashi 80. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tsayar sun ce ba su ga wani dalili ba in ban da kamanninsu. Da Hukumar 'Yan Sanda ta Ƙasa ta yi nata binciken na cikin gida, a watan Nuwamban 2022 ta ce ta gano lokuta shida kacal a 2021 da jami'ai suka yi abin da bai dace ba, a rundunoni huɗu, kuma ta ce babu niyyar wariya a cikinsu. Tazarar da ke tsakanin shida da abin da mutane fiye da dubu suka faɗa ita ce take nuna irin amsar da mai ƙorafi zai sa rai da ita.

A ranar 29 ga Janairun 2024 mutum uku suka kai ƙarar gwamnatin ƙasa da ta Tokyo da ta lardin Aichi a Kotun Gundumar Tokyo, kowannensu yana neman yen miliyan 3.3 tare da hukuncin cewa tsayarwa bisa launin fata ta saɓa wa tsarin mulki. Ɗayansu haifaffen Pakistan ne da ya zama ɗan ƙasar Japan, ɗaya Ba'amurke baƙar fata, na ukun kuma daga tsibiran tekun Pasifik yake. Lauyoyinsu sun gabatar da wata takardar horas da matasan jami'ai da aka danganta da rundunar Aichi, mai ƙarfafa musu gwiwa su tsayar da duk wanda da gani an san baƙo ne. Abin lura ga wannan sharhi shi ne ba ta wata cibiyar gwamnati wannan ƙara ta bi ba. Lauyoyi masu zaman kansu ne suka ɗauke ta, jama'a kuma suka tara kuɗinta ta intanet.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin da ya kamata ya sani kafin ya sa dogon buri a kan kotu. A 2010 takardu 114 na sashen tsaro na 'yan sandan Tokyo suka fita a intanet, suka nuna yadda aka riƙa tattara sunaye da adireshi da masallatan da Musulmi suke zuwa. Musulmi 17 suka kai ƙara. Kotu ta ba su diyyar kimanin yen miliyan 90 a 2014 saboda sakacin da ya sa bayanan suka fita, amma ta ce sa idon da aka yi musu bai saɓa wa tsarin mulki ba, Kotun Ƙoli kuma ta yi watsi da ɗaukaka ƙararsu a 2016. Lauya mai gaskiya zai ambata wa mutum irin wannan tarihi kafin ya ba shi shawarar shiga kotu, kuma na fi ganin darajar wanda zai faɗa da wanda zai ɓoye don ya kwantar wa mutum da hankali.

Akwai wani iyaka da dole a sani tun kafin buƙata ta taso. FRESC wurin shawara ne na lokacin aiki, ba wurin agajin gaggawa ba. Tsayarwa takan faru da dare ko a ƙarshen mako, lokacin da cibiyar take rufe, ganawar kyauta ta Houterasu kuma ba ta shafi shari'ar laifuka ba. Idan tsayarwa ta rikiɗe ta zama kamu, abin da mutum zai nema nan take shi ne toban bengoshi, lauyan da ke bakin aiki wanda ƙungiyoyin lauyoyi suke turowa kyauta a karo na farko, sannan ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Wannan yana da muhimmanci domin a Japan ana iya riƙe mutum har kwana 23 kafin a gurfanar da shi, lauya kuma ba ya zama tare da shi a ɗakin tambayoyi. Kada ya sa hannu a kan takardar da bai fahimci abin da ke cikinta ba, ko da an ce masa ita ce za ta sa a sake shi da wuri. Da ma a ce cibiyar tana miƙa wa kowane baƙo ƙaramin kati mai ɗauke da waɗannan 'yan bayanai cikin harshensa da Japananci, wanda zai ajiye kusa da katin zamansa, da ta rage wa mutane ruɗewa a daidai lokacin da harshe yake ɗaurewa.

Baƙi mazauna Japan sun haura miliyan 3.7 a ƙarshen 2024, kusan kashi uku cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma gwamnati da kanta take neman ƙarin ma'aikata a gidajen kula da tsofaffi da masana'antu da gine-gine saboda ƙarancin matasa. Kafa wannan cibiya shaida ce ta cewa ta san waɗannan mutane suna da buƙatu, kuma ba na raina hakan. Amma gwamnatin da ta iya zaunar da ma'aikatu huɗu a hawa ɗaya za ta iya ƙara teburi guda mai zaman kansa da zai karɓi ƙorafi a kan 'yan sanda cikin harsuna da dama, ya ƙirga shi, ya wallafa adadinsa duk shekara. Muddin babu wannan, kowane mai ƙorafi shi kaɗai yake tsaye da labarinsa, hukuma kuma za ta ci gaba da cewa ba ta ga komai ba.

Sabon zuwa, musamman ɗalibi ko ma'aikaci mai baƙar fata, ina ba shi shawarar ya nemi ganawa tun kafin a fara tsayar da shi, ya tafi da katinsa da fasfonsa da tambayoyinsa a rubuce, idan kuma zai nemi lauya kyauta ya haɗa da takardar albashi. Iyayen yara ruwa biyu da suka fara girma su ma ya dace su je, domin yaron da aka haifa ɗan ƙasa ba shi da katin da zai nuna, kuma gara ya san abin da zai faɗa kafin ranar ta zo. Wanda yake nesa da Tokyo yana iya samun cibiyar da Houterasu ta wayar tarho, larduna da manyan birane da yawa kuma suna da nasu teburan shawara na baƙi. Wanda aka riga aka wulaƙanta kuma yake son a rubuta cewa an zalunce shi, bayan ya gama da Yotsuya sai ya nufi ƙungiyar lauyoyin lardinsa, domin kwamitocinsu na kare haƙƙin ɗan Adam suna karɓar koke kyauta, suna bincike ba tare da suna ƙarƙashin wata ma'aikata ba, kuma suna iya aika wa rundunar 'yan sanda gargaɗi a rubuce wanda sukan bayyana wa jama'a.